Jinin Walter Noel: Yadda Ƙwayar Jini Take Komawa Lauje

A makon ƙarshe na shekarar 1904, sanyin Shikago na kan ganiyarsa, aka kwantar da wani saurayi ɗan shekara 20 a asibitin Presbyterian na birnin. Tari ya daɗe yana cin sa, ga zazzaɓi, ga jiri, in ya ɗan taka sai haki. Sunansa Walter Clement Noel. Baƙar fata ne, ɗan masu hali daga tsibirin Girenada a yankin Karibiyan, wata uku ke nan da saukarsa Amurka don karatun likitan haƙori. Tun a jirgin ruwan da ya kawo shi gyambo ya fito masa a ƙafa. Da aka duba shi sai aka ga farin idonsa ya yi rawaya irin na mai shawara, fatar bakinsa ta koɗe, zuciyarsa ta fi girman da ya kamata, ƙwaurinsa kuwa duk tabon tsofaffin gyambuna.

Uwar da ta taɓa jinyar mai sikila a Kano ko Maraɗi ba sai an faɗa mata sunan wannan ciwo ba. Amma a wancan lokaci ba shi da suna a littattafan likitocin Turai da Amurka. Wani sabon likita mai suna Ernest Irons, da ke koyon aiki a ƙarƙashin Dakta James Herrick, shi aka bar wa majinyacin. Ya ɗiga jininsa a kan gilashi, ya shafe shi ya yi siriri, ya sa a madubin likita. Abin da ya gani ya sa ya ɗauki alƙalami ya zana a takardar gwaji: a cikin jajayen ƙwayoyin jinin akwai dogaye, akwai masu tsini, akwai waɗanda suka lanƙwashe kamar lauje. Yawansu gaba ɗaya bai wuce rabin na mai lafiya ba. Ya kuma ga wasu jajayen ƙwayoyi masu cibiya a cikinsu, abin da ba a saba gani a jinin babban mutum ba.

Duk lamarin Noel yana cikin waɗannan abubuwa uku. Sai dai ba za su yi wa mutum ma'ana ba sai ya san abin da Irons ya sa ran gani.

Jikin ɗan Adam ginin ƙwayoyin halitta ne, kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya kamar gida ce mai katanga. Katangar wani tantani ne na kitse, siriri ƙwarai, da aka dasa wa ƙofofi na furotin masu zaɓen abin da zai shiga da abin da zai fita. A ciki akwai cibiya, inda aka ajiye rubutun gado, wato DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, rabi daga uwa rabi daga uba. Rubutun ba ya fita daga cibiya. In ana bukatar wani furotin, sai a kwafi sashen da ya shafe shi, a aika kwafin waje wurin wasu 'yan ƙananan masaƙa da ake kira ribosom, su jera tubalan amino asid ɗaya bayan ɗaya yadda rubutun ya ce. Akwai kuma maitokondiriya, murhun ƙwaya, inda ake ƙona sukari da iskar oksijin a sami ƙarfin aiki. Ƙwayar hanta, ta fata, ta ƙwaƙwalwa, duk haka tsarinsu yake.

Jar ƙwayar jini ita ma da haka take farawa. A ɓargo ake haifarta, da cibiyarta da murhunta da masaƙunta. Kwanaki kaɗan take yi tana aiki ɗaya tal, tana saƙa furotin ɗin da ake kira himogulobin, har ta tara kusan miliyan 270 a cikinta. Daga nan sai ta yi abin da ke ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi: ta tura cibiyarta waje, wata ƙwayar ta haɗiye. Cikin kwana ɗaya ko biyu da shigarta jini ta zubar da masaƙun da murhun. Abin da ya rage jaka ce kawai cike da himogulobin, mai siffar gurasar da aka danna tsakiyarta ta fuska biyu.

Akwai hikima a wannan sadaukarwa. Tunda ba ta da murhu, ba ta taɓa oksijin ɗin da aka ba ta amana. Ɗan ƙarfin da take bukata tana samun sa ne ta farfasa sukari ba tare da iska ba. Tunda ba ta da cibiya, ta yi laushi. Faɗinta maikuromita 7 zuwa 8 ne (maikuromita ɗaya shi ne milimita a raba dubu), amma tana ratsa jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, ta naɗe, ta miƙe, ta fito ta koma siffarta, saboda a ƙarƙashin tantaninta akwai wata raga ta furotin mai talewa ta dawo. Kusan kowane minti guda tana zagaya jiki, daga huhu zuwa tsoka zuwa huhu, har kwana 120. Amma sadaukarwar tana da farashi. Ƙwayar da ta yar da rubutunta da masaƙunta ba za ta iya saƙa sabon furotin ba. In katangarta ta tsage, babu mai yaɓe. Abin da ta fito da shi daga ɓargo, da shi za ta mutu.

To ga abin da Herrick da Irons suka rasa. Sun nemi tsutsar ciki, sun nemi wasu cututtukan ƙasashe masu zafi, ba su sami abin da ya bayyana siffar ƙwayoyin ba. Aka ba Noel hutu da abinci mai kyau da maganin ƙarin jini, ya ji sauƙi, ya koma aji. Cikin shekara biyu da rabi da suka biyo baya ya sha dawowa asibiti, wani lokaci da ciwon ƙirji, wani lokaci da ciwon gaɓoɓi da baya wanda aka rubuta a matsayin amosani. Abin lura ne cewa Bahaushe ma ta nan ya kama ciwon, ya ce amosanin jini. A 1910 Herrick ya buga rahoton, ya kwatanta ƙwayoyin da lauje, ya kuma yi gaskiya ya ce bai gano sanadi ba. Sunan Irons bai fito a matsayin marubuci ba, alhali shi ya fara gani, shi ya yi ta bibiyar majinyacin. A ganina an tauye masa haƙƙi.

Amsar ta zo ne gutsure-gutsure. A 1927 wasu masu bincike biyu, Hahn da Gillespie, suka nuna cewa in aka rage wa irin wannan jini oksijin sai ƙwayoyin su lanƙwashe, in aka mayar musu da iskar da yawansu su warware. Ashe ba a haife su laujuna ba, komawa suke yi. A 1949 Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu suka sa himogulobin a ruwa suka ratsa shi da lantarki, sai na masu sikila ya yi tafiya dabam da na masu lafiya. Laifin ke nan ba na katanga ba ne, na kayan cikin jaka ne. Sai a 1956 zuwa 1957 Vernon Ingram, a Kambirij ta Ingila, ya sa yatsa a kan ainihin wurin.

Himogulobin ɗin babban mutum sarƙoƙi huɗu ne a dunƙule, biyu ana ce musu alfa, biyu beta, kowace tana riƙe da ƙwayar ƙarfe ɗaya inda oksijin ke maƙalewa. Sarƙar beta tubali 146 ce. A jinin mai sikila 145 daidai suke. Na shida ne kaɗai ya sauya: inda ya kamata a sa gulutamik asid, sai aka sa balin. In aka bi sawu zuwa cibiya, a kuromosom na 11, za a tarar inda ya kamata a karanta GAG an rubuta GTG. Harafi ɗaya, a cikin rubutun da ya haura haruffa biliyan 3. Duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da ɗigo ɗaya ke yi wa kalma. Ribosom kuwa ba ya gardama da rubutu, abin da aka aiko masa shi yake saƙawa, a kowace ƙwaya, kowace rana, tun daga yarinta har mutuwa.

Me ya sa tubali ɗaya zai yi wannan ɓarna? Gulutamik asid abokin ruwa ne, yana zaune a bayan furotin ɗin lafiya lau, ruwa na kewaye da shi. Balin kuwa halin mai gare shi, gudun ruwa yake yi, kullum yana neman inda zai ɓuya. Muddin himogulobin na riƙe da oksijin, ba ya samun mafaka. Amma da zarar ya sauke kayansa a tsoka, siffarsa takan ɗan juya, wani ɗan gurbi mai maiƙo ya buɗe a jikinsa. Sai balin na wannan ya faɗa gurbin maƙwabcinsa, na maƙwabcin ya faɗa na gaba, haka haka har su zama dogon zare. Zare 14 ke murɗewa su zama igiya guda, igiyoyin su jeru su yi tauri kamar kara. Jakar da aka yi ta don ta naɗe yanzu an cusa mata itace. Shi ne laujen da Irons ya zana.

A nan akwai wata tambaya da ta dace mai hankali ya yi. In haka ne, kowane zagaye ƙwayoyin suna sauke oksijin, me ya hana mai sikila mutuwa a rana ɗaya? Yaya Noel ya iya zama a aji, ya ci jarrabawa? Amsar ita ce lokaci. Zaren ba ya haɗuwa nan take. Akwai ɗan jinkiri kafin ƙwayoyin farko su kama juna, kuma mafi yawan lokuta kafin jinkirin ya ƙare ƙwayar ta riga ta fice daga matsatsiyar jijiya ta kama hanyar huhu, inda sabuwar iska za ta narkar da abin da ya fara haɗuwa. Rayuwar mai sikila tsere ce tsakanin wannan jinkiri da saurin gudun jini. Kuma jinkirin ya dogara ƙwarai a kan kaurin himogulobin a cikin ƙwaya. In ƙwayar ta ɗan rasa ruwa kaɗan, kayan cikinta suka matsu, sai jinkirin ya gajarce ninkin ba ninkin.

Wanda ya fahimci wannan ya fahimci duk nasihar da ake yi a asibitin masu sikila. A sha ruwa da yawa, don kada ƙwaya ta bushe. A rufe jiki da hunturu, a guji dukan ruwan sama da wanka da ruwan sanyi, don sanyi yana tsuke jijiyoyi, jini ya rage gudu, ƙwayar ta makara a hanya. A gaggauta maganin zazzaɓi, don zafin jiki yana ƙone ruwa, yana kuma sa bangon jijiyoyi ya yi danƙo. Ba camfi ba ne, ba kuma shagwaɓa yaron ake yi ba. Ka tuna ɗan tsibiri mai ɗumi da ya faɗa hunturun Shikago na farko a rayuwarsa. Ba mamaki da Disamba ta kai shi gadon asibiti.

Lanƙwashewa da warwarewa, lanƙwashewa da warwarewa, a ƙarshe katanga ce ke biya. Tantanin ya fara yoyo, sinadarin kalsiyam ya kutsa ciki, shigarsa ta buɗe wata ƙofa da fotasiyam ke fita, ruwa kuma ya bi fotasiyam. Ƙwayar ta ƙara bushewa, ta ƙara saurin zama lauje. Ragar da ke ƙarƙashin tantanin ta lalace, har a kai inda ko an ba ta oksijin ba ta komawa gurasa. Da ƙwayar hanta ce da ta saƙa sababbin ƙofofi ta gyara kanta. Wannan ba ta da cibiyar da za ta tambaya. Maimakon kwana 120, a kwana 10 zuwa 20 ta gama.

Daga nan kowace alama da aka rubuta a takardar Noel tana da mazauni. Ƙwayoyin suna mutuwa fiye da yadda ɓargo zai iya mayarwa, shi ne ƙarancin jinin, shi ne hakin da jirin. Ɓargon mai lafiya yana fitar da ƙwaya sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Na mai sikila yana ninka wannan, har saboda gaggawa yana sako waɗanda ba su gama nuna ba, ko cibiyarsu ba su yar ba. Su ne Irons ya gani. Zuciya tana ƙara bugu don ɗan jinin da ke akwai ya isa ko'ina, sai ta girma. Himogulobin ɗin ƙwayoyin da suka fashe yana rikiɗa ya zama wani sinadari mai launin rawaya, in ya fi ƙarfin hanta sai ya bayyana a ido, wani kuma ya daskare ya zama tsakuwa a madaciya. Wanda ya zube a cikin jini kai tsaye yana cinye wani sinadari da ke sa jijiyoyi su saki jiki, sai su ƙara tsukewa. Ga shi kuma ƙwayoyin da suka lalace suna manne wa bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini su zo su ƙara cunkoso, hanya ta toshe. Naman da ke gaban toshiyar ya rasa iska, murhun ƙwayoyinsa ya mutu. In a ƙashi ne, shi ne ciwon da ke sa babban mutum kuka, wanda iyaye ke cewa ciwon ya tashi. In a fatar idon sawu ne, inda jini dama ba ya gudu sosai, sai gyambon da ba ya jin magani. In a huhu ne, rai na cikin haɗari. In a ƙwaƙwalwa ne, yaro ɗan shekara biyar sai ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki.

Gaɓoɓi biyu sun cancanci a tsaya a kansu. Saifa ita ce matatar jini, ramukanta sun fi ko'ina ƙunci, don haka ita laujuna ke fara kashewa. Yawancin masu SS, wato waɗanda suka gaji harafin daga uwa da uba duka, tun suna ƙanana saifarsu ta daina aiki. Saifa kuwa ita ke kama wasu ƙwayoyin cuta masu kawo ciwon huhu da sanƙarau, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai warke da shi a gida yake iya ɗauke mai sikila cikin kwana ɗaya, shi ya sa kuma ake ba su fenisilin kullum da allurar rigakafi. Ta biyu ƙoda ce. Can cikinta oksijin kaɗan ne, gishiri da yawa, wurin da ya fi dacewa da lanƙwashewa. In ta taɓu sai ta kasa riƙe ruwa, fitsari ya yawaita dare da rana. Yaro mai sikila da ke fitsarin kwance ba ƙiwa ce ke damun sa ba. Ina roƙon iyaye kada a doke shi, kada kuma a hana shi ruwa da yamma don a tsare katifa, domin hana shi ruwan nan na iya tayar da ciwon.

Harafin nan da Noel ya gada ba a Girenada ya samo asali ba. Kakanninsa ne suka tsallaka teku da shi daga Afirka a zamanin cinikin bayi. Dalilin da ya sa ya yawaita a nahiyarmu shi ma a cikin jar ƙwayar jini yake. Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro cikinta take shiga ta ɓuya, tana cin himogulobin, ta hayayyafa, bayan awa 48 ta fasa ta ta fito. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu kwafi ɗaya na harafin, wato AS, sun fi tsira daga wannan zazzaɓi. A jikinsu ƙasa da rabin himogulobin ne mai balin, sauran lafiyayye ne da ke shiga tsakani ya hana zare haɗuwa, don haka suna zaune lafiya. Amma ƙwayar da cuta ta shiga ba ta yi mata daɗin zama, kuma saifa tana saurin tsince ta. A inda sauro ke kashe yara, masu AS suka fi rayuwa, suka haifa, harafin ya bazu. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da shi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar duk shekara, fiye da kowace ƙasa. Mai SS dai ba shi da wannan kariya, zazzaɓin ma ya fi yi masa illa, gidan sauro wajibi ne a kansa.

Akwai kuskuren da nake yawan ji a maganar aure. In AS ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai zama SS ba. Kowane ciki ƙuri'arsa dabam, kashi ɗaya cikin huɗu, kuma ciki bai san abin da ya faru da na gabansa ba. Gida ɗaya sai a haifi shida babu ko ɗaya, wani gidan uku a jere. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da gwajin jinotayif, mai nuna ko mutum AS ne ko SS. Ina goyon bayanta, amma gara a yi gwajin tun yara suna makaranta, kafin zuciya ta kamu, kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Maganin da ya fi taimako a yau shi ma daga lura da ƙwaya ya fito. A 1948 wata likitar yara a New York, Janet Watson, ta lura jariran da ke ɗauke da harafin ba su cika nuna laujuna ba sai sun yi watanni. Dalili shi ne ɗan tayi yana da nasa himogulobin dabam, wanda ba shi da sarƙar beta sam, kuma ba ya shiga zare. Bayan haihuwa ne jiki ke rufe wannan shafi na rubutun ya buɗe na manya, shi ya sa ciwon ke fara bayyana wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Shafin jarirtaka bai goge ba, yana nan a cibiyar ƙwayoyin ɓargo. Maganin haidiroksiyuriya, wanda Amurka ta amince da shi ga manya masu sikila a 1998, yana sa ɓargo ya koma karanta shi, sai kowace ƙwaya ta fito da ɗan kason himogulobin na jariri, jinkirin nan ya tsawaita, ta samu ta tsallake. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suna cikin waɗanda suka gwada shi a kan yaran da hoton jijiyoyin kai ya nuna suna dab da shanyewar jiki, aka ga yana kare su. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da wani magani mai suna Casgevy, inda ake ciro ƙwayoyin ɓargon majinyaci, a yanke makunnin da ke rufe shafin jarirtaka, a mayar masa da su. Kuɗinsa ya haura dala miliyan 2 ga mutum ɗaya. Haidiroksiyuriya kuwa ƙwayar magani ce mai araha in aka kwatanta, amma har yanzu gidaje da yawa a Arewa ba sa iya sayen ta wata bayan wata, wasu ma ba a taɓa faɗa musu akwai ta ba. Wannan ya fi ci mini rai a kan dala miliyan biyun.

Noel bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da laujunansa da gyambunansa ya kammala karatu a 1907, ya koma gida, ya buɗe wurin aikin haƙori a St. George's, babban birnin Girenada, ya yi shekara tara yana duba mutane. A 1916 ciwon huhu ya kama shi, ya rasu a watan Mayu yana da shekara 30 da 'yan kai. Rahoton Herrick bai ambaci sunansa ba, don haka shekaru kusan 80 likitocin duniya suna karanta labarin jininsa ba su san ko wane ne ba, sai a 1989 wani masanin tarihi, Todd Savitt, da abokin aikinsa suka bi tsofaffin takardun asibiti da na makaranta suka fito da shi. Kabarinsa yana garin Sauteurs, a arewacin tsibirin.